Henry Ossawa Tanner: Tambayoyi da Amsoshi Kan Mai Zanen da Ya Bar Amurka Ya Zauna a Faransa

Wanda ya taɓa ganin hoton tsohon nan da ya riƙe yaro tsakanin ƙafafunsa yana koya masa kiɗan banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, to ya ga aikin Henry Ossawa Tanner, ko da bai san sunan ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne Tanner a taƙaice?

Mai zane ne Ba'amurke baƙar fata. An haife shi a birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania ranar 21 ga Yuni, 1859, ya rasu a Paris ranar 25 ga Mayu, 1937. Ya bar Amurka a 1891, kuma daga nan Faransa ta zama mazauninsa, in ban da ziyara da ɗan gajeren zama da yakan koma ya yi a gida. Shi ne baƙar fatar Amurka na farko da sunansa ya zaga duniya a fagen zane.

Wannan suna "Ossawa", na Afirka ne?

Kunne zai iya ɗauka haka, amma a'a. An gutsuro shi daga sunan garin Osawatomie da ke jihar Kansas, inda John Brown, Baturen nan da ya ɗauki makami don yaƙar bauta, ya gwabza da masu goyon bayanta a 1856. A ƙarshen shekarar da aka haifi Tanner aka rataye Brown. Iyayen da suka sa wa ɗansu wannan suna a lokacin da ake sayar da mutane a kasuwa a kudancin ƙasar, sun faɗi matsayinsu ke nan ba tare da sun hau mumbari ba.

Wane irin gida ya fito?

Gidan ilimi da addini. Mahaifinsa, Benjamin Tucker Tanner, limamin coci ne a ɗarikar Methodist ta baƙaƙen fata, wadda aka fi sani da AME. Ya daɗe yana editan jaridar cocin, daga baya a 1888 ya zama bishop. Mahaifiyarsa Sarah a cikin bauta aka haife ta a jihar Virginia, tun tana ƙarama ta samu fita zuwa arewa, inda babu bauta. Iyalin sun koma Philadelphia Henry yana yaro, can ya girma.

Gidan bai tsaya a kansa ba. Ƙanwarsa Halle ta karanta likitanci, kuma a 1891 ta zama mace ta farko da ta ci jarrabawar izinin aikin likita a jihar Alabama, baƙa ko fara. A shekarar da yayan ya shiga jirgin ruwa ke nan.

Yaya aka yi ɗan bishop ya ƙare a mai zane?

Shi da kansa ya ba da labarin. Yana da kimanin shekara 13 suna yawo da mahaifinsa a lambun Fairmount na Philadelphia, sai suka tarar da wani mutum yana zana itatuwa da tudun da ke gabansa. Yaron ya tsaya ya ƙura ido, daga ranar kuma magana ta ƙare. Ya samo 'yan kuɗi ya sayi fenti da burushi.

Uban bai yi murna ba, kuma ba za a ga laifinsa ba. Wace sana'a ce zane ga baƙar fata a wancan zamani? Wa zai saya? Sai ya kai shi koyon aiki a masana'antar niƙan fulawa. Aikin ya fi ƙarfin jikin yaron, ya kwanta rashin lafiya mai tsanani. Bayan ya tashi iyayen suka sakar masa mara. A 1879 ya shiga makarantar koyon zane ta Pennsylvania, inda ya faɗa hannun Thomas Eakins, malamin da ya dage sai ɗalibi ya san jikin mutum ƙashi da tsoka kafin ya zana shi. Eakins ya riƙe shi da daraja, har daga baya ya zana hotonsa, abin da ba kowane ɗalibi ya yi wa ba.

An ce ya sha wulaƙanci a makarantar. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Wani abokin karatunsa, Joseph Pennell, ya rubuta shekaru da yawa bayan haka cewa wata rana da dare ɗalibai sun ɗaure wani ɗalibi baƙar fata a jikin katakon da yake jingina zanensa, suka fitar da shi tsakiyar titi suka bar shi a nan. Masu tarihi sun ce Tanner ne. Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne yadda aka ba da shi, kamar wani wasan ƙuruciya da za a tuna a yi dariya.

Tanner ba mutum ne mai yawan ƙorafi ba. A ɗan tarihin rayuwarsa da ya buga a wata mujalla a 1909, ya nuna cewa kalma ɗaya ta raini ko kallon banza kan bi shi kwana da kwanaki yana juya ta a zuci. Mai irin wannan zuciyar, zaman Philadelphia ta wancan lokaci azaba ne a gare shi.

Wa ya biya masa kuɗin tafiya Turai?

Faɗuwa ce ta biya, in za a faɗi gaskiya. A 1889 ya buɗe shagon ɗaukar hoto a Atlanta da niyyar ya tara kuɗin tafiya. Shagon bai yi kasuwa ba, ya koma rayuwar hannu baka hannu ƙwarya. Ya ɗan koyar da zane a jami'ar Clark ta baƙaƙen fata da ke garin. A nan ya haɗu da wani limamin Methodist Bature, Joseph Hartzell, da matarsa. Su suka shirya masa baje kolin zanensa a Cincinnati a 1890. Mutane suka zo suka gani, babu wanda ya sayi ko ɗaya. Sai Hartzell da matarsa suka saye duka. Da wannan kuɗin ya shiga jirgi a watan Janairun 1891.

Roma ya nufa. Ya biya ta Landan, ya yada zango a Paris da niyyar wucewa, sai garin ya riƙe shi. Ya shiga makarantar Julian, ya yi karatu a hannun Benjamin-Constant da Jean-Paul Laurens, da rani kuma yakan tafi ƙauyukan Brittany da ke bakin teku, irin su Pont-Aven da Concarneau, inda rayuwa ke da araha.

Wato a Faransa babu wariyar launin fata?

Kada a yi wannan kuskuren. A shekarun da Tanner ke samun lambobin yabo a Paris, sojojin Faransa suna cin ƙasashen Afirka ta Yamma da bindiga. A 1899 suka shiga Zinder. Faransar da ta karɓi Tanner hannu biyu ita ce Faransar da mutanen Damagaram suka sani da wata fuskar.

Abin da ya samu a Paris ƙarami ne idan aka auna da wannan, amma a wurinsa shi ne komai. Zai shiga gidan abinci a ba shi kujera, zai kama hayar ɗaki, zai miƙa zanensa ga alƙalan baje koli su dubi zanen. A 1896, shekarar da kotun ƙolin Amurka ta halatta raba baƙi da farare a jiragen ƙasa, a shekarar ce alƙalan Salon, babban baje kolin shekara-shekara na Paris, suka yaba wa zanensa na Daniyel a ramin zakuna.

Me ya sa zanen banjo ya fi sauran suna?

Sai an san abin da ake yi da banjo a Amurka ta wancan lokaci. Akwai wasannin dandamali da farare kan shafa baƙin toka a fuska, su zana jan baki mai faɗi, su ɗauki banjo suna tsalle suna kwaikwayon baƙar fata a matsayin wawa mai washe haƙora. Hotunan jaridu da na talla haka suke. Banjo a hannun baƙar fata alamar dariya ce.

A 1893 zazzaɓin taifot ya kama Tanner, ya koma Philadelphia jinya. A wannan zaman ne ya gabatar da takarda kan baƙaƙen Amurka da fasahar zane a wani taro kan Afirka da aka yi a Chicago, kuma a shekarar ya yi zanen. Ɗaki ne na talaka, tukwane a ƙasa, tebur a baya. Tsoho na zaune, yaro na tsakanin ƙafafunsa, hannun tsohon na tallafe da wuyan banjon don kada nauyi ya rinjayi yaron, yaron kuma ya sunkuya yana neman inda zai sa yatsa. Ba mai kallon mu, ba mai dariya. Haske biyu ne a ɗakin: mai sanyi, shuɗi-shuɗi, daga hagu, da mai ɗumi na murhu daga dama, suka haɗu a kan mutanen biyu. Duk wanda ya taɓa zama gaban kakansa yana koyon saƙa ko ɗinki ko karatun allo zai gane wannan shirun. Zanen yana jami'ar Hampton ta jihar Virginia tun 1894.

Yana da ɗan'uwa da aka yi a 1894: tsoho da yaro sun sunkuyar da kai suna addu'a a gaban ɗan abincin da bai taka kara ya karya ba. Wannan ya ɓace wa idon duniya shekaru da dama, sai a 1970 aka tsince shi a ɗakin ajiyar wata makarantar kurame a Philadelphia.

Banjon nan yana da dangantaka da gurmi ko molo?

Yana da ita. Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma su suka ƙera banjo na farko a tsibiran Karebiyan da Amurka, da ƙwarya ko duma da fata da sanda, bisa tsarin kayan kiɗa masu tsirkiya da suka baro a gida. Masu bincike sun fi ambaton akonting na Senegambiya da ngoni na Mali, kuma gurmi da molo da garaya dangi ɗaya ne da su. Banjon da ke hannun yaron Tanner ya riga ya zama na katako da ƙarfe, amma asalin na nan.

To me ya sa ya daina zana rayuwar baƙaƙen fata?

Wannan ita ce tambayar da ta bi shi har kabari, kuma har yau ba a gama da ita ba. Bayan 1894 ya juya kusan gaba ɗaya zuwa labaran Littafi Mai Tsarki. Manyan baƙaƙen Amurka sun so ya tsaya. Booker T. Washington ya ziyarce shi a Paris a 1899 yana alfahari da shi, daga baya kuma Alain Locke, jagoran tunanin marubuta da masu fasahar Harlem, unguwar baƙaƙen fata a New York, ya nuna takaicin cewa mutumin da ya fi kowa cancantar kafa makarantar zanen baƙaƙen fata ya bar fagen.

Akwai dalilin ciki. Mai zane da abin da ya sayar yake ci, kuma masu kuɗin Amurka ba su da sha'awar rataye hoton baƙin talaka mai mutunci a falonsu, alhali zanen addini yana da kasuwa a Salon. Akwai dalilin imani: ɗan bishop ne da ya yarda da abin da aka rene shi a kai, kuma zanensa wa'azinsa ne. Akwai kuma dalili na uku da shi ya fi damuwa da shi. Ba ya son a riƙa kiran sa "mai zane baƙar fata" kamar wani abin mamaki da aka kawo kasuwa. Jaridun Amurka ba sa iya rubuta sunansa sai sun liƙa launinsa, na Faransa kuwa "Monsieur Tanner" kawai suke cewa.

A ganina masu cewa ya gudu daga mutanensa ba su dubi labaran da ya zaɓa ba. Daniyel, wanda aka jefa wa zakuna ba da laifi ba. Li'azaru, wanda aka kwance daga likkafani. Gudun Maryamu da jaririnta zuwa Masar cikin dare, wanda ya zana sau da yawa, shi da uwarsa ta tsere wa bauta. A cocin baƙaƙen Amurka waɗannan labarai ba tatsuniyar dā ba ce, da su ake maganar bauta da 'yanci a kowace Lahadi. Duk da haka takaicin Locke yana da tushe. Zane biyu kacal irin na banjo, daga hannun da ya iya haka, sun yi kaɗan.

Wane aiki ne ya ɗaga shi?

Tayar da Li'azaru daga matattu, wanda ya gama a 1896 aka nuna a Salon na 1897. Ya samu lambar yabo, sannan gwamnatin Faransa ta saye shi don gidan tarihin Luxembourg, inda ake ajiye aikin masu zanen da ke raye. Amurkawan da suka samu wannan daraja a lokacin ba su da yawa. Yanzu yana gidan tarihin Orsay a Paris. Cikin taron da ya kewaye kabarin akwai wani mutum baƙi da rawani a tsaye, ba a matsayin bawa ko ɗan aike ba, shaida ne kamar kowa.

Ya taɓa zuwa ƙasashen Musulmi?

Sau da dama. Wani attajirin Philadelphia mai suna Rodman Wanamaker, ɗan gidan masu manyan kantuna, ya ga zanen Li'azaru sai ya ce mai irin wannan aiki ya kamata ya ga ƙasar da idonsa. Gani ya kori ji. Ya biya masa tafiya Masar da Falasɗinu a 1897, ya sake komawa a 1898. Ya zauna a Kudus, a lokacin tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya, yana zana duwatsu da ƙofofi da tufafin mutane. A 1908 ya je Aljeriya, a 1912 kuma Maroko, inda ya yi zane-zanen ƙofofin Tanja da lungunanta. A shekarar shahararren mai zanen Faransa Matisse ma yana garin.

Turawa masu zanen Gabas a wancan ƙarni sun fi son kasuwar bayi da matan kulle rabi tsirara, abin da yawancinsu a kansu suka ƙirƙiro. Tanner bai bi wannan hanyar ba. Abin da ya ja shi farin bango ne da rana ta buga, da duhun zaure, da mutum cikin alkyabba yana wucewa. Wanda ya san ƙofofin Kano ko lungunan Agadas da tsakar rana zai ga wani abu da ya sani a waɗannan hotuna.

An ce ya zana Mala'ika Jibrilu. Ta yaya?

Bai ba shi fuska ba, bai ba shi fiffike ba. A zanen albishir ga Maryamu na 1898, mala'ikan ginshiƙin haske ne kawai a gefen hagu na ɗakin. Masu zanen Turai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zana shi saurayi kyakkyawa da fure a hannu, Maryamu kuma kamar sarauniya cikin shuɗin alharini. Ta Tanner yarinya ce 'yar ƙauyen Falasɗinu, zaune a bakin gadon da bargonsa ya yamutse, yatsun ƙafarta a waje, hannuwa a haɗe, ta ɗan karkata kai tana kallon hasken da tsoro da tambaya. Musulmi mai karatu zai tuna cewa a akidarsa daga haske aka halicci mala'iku. Tanner Kirista ne kuma daga nasa littafin ya ɗauko labarin, amma ya dawo daga Kudus ke nan lokacin da ya yi shi. Gidan tarihin zane na Philadelphia ya saye shi a 1899.

Yaya salon aikinsa yake?

Haske ne sana'arsa, musamman na dare: wata, fitila, wutar murhu. Da shekaru suka ja sai launukansa suka koma shuɗi da kore-shuɗi, har ana danganta wannan shuɗin da sunansa. Yakan shafa fenti siriri, ya bari ya bushe, ya sake shafa wani a kai, shafe bisa shafe, har hasken ya zama kamar daga cikin ƙyallen yake fitowa. Ya riƙa gwada haɗa fentin mai da wasu haɗe-haɗen da shi ya ƙirƙiro. Wasu sun yi kyau, wasu kuma sun tsattsage da tsufa, suna ba masu gyaran zane wahala har yau.

Ya yi aure?

Ya auri Jessie Olssen, mawaƙiya farar fata 'yar San Francisco mai asalin Sweden, a Landan a watan Disambar 1899. A jihohin Amurka da yawa wannan aure laifi ne a doka, kuma haka ya zauna a wasunsu har 1967. Sun gwada zaman Amurka na ɗan lokaci, a New York aka haifi ɗansu tilo, Jesse, a 1903, sannan suka tattara suka koma Faransa. Sun raba zamansu tsakanin Paris da Trépied, kusa da garin masunta na Étaples a arewa. Jessie da yaron su ne suka zauna masa ya zana Maryamu da ɗanta suna karatun nassi. Ta rasu a 1925, kuma bai sake zama daidai ba bayanta.

Me ya yi a Yaƙin Duniya na Ɗaya?

Yaƙin ya zo har ƙofar gidansa, domin Étaples ta zama babban sansanin sojojin Birtaniya. Zane ya gagare shi na wani lokaci. A 1917, yana da shekara 58, ya shiga ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka da wata shawara tasa: a noma kayan lambu a filayen da ke kewayen asibitocin soja, sojojin da ke murmurewa su yi aikin, su samu abinci da abin da zai ɗauke musu hankali. Aka karɓa, aka ba shi muƙamin laftana. Ya kuma yi 'yan zane-zane na wuraren cin abincin sojoji, kuma a ciki ya sa baƙaƙen sojojin Amurka, waɗanda ba a cika ganin su a zanen yaƙin ba.

Ya zama Bafaranshe ne?

Bai zama ba, Ba'amurke ya rasu. Ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, to shi gidan ne ya fara barin sa. A wata wasiƙa ta 1914 ya rubuta cewa halin da ake ciki ne ya kore shi daga ƙasar, amma can cikin zuciyarsa yana son ta, kuma wani lokaci yakan yi baƙin cikin cewa ba zai iya zama inda zuciyarsa take ba. A wasiƙar ya yi tambaya mai zafi: me ya sa jinin Afirka da ke jikinsa kaɗai ake ƙirgawa, na Turawan kakanninsa kuma a yi kamar babu? Ya ƙara da cewa wannan jinin na Afirka riba ce a gare shi.

An karrama shi yana raye?

Faransa ta ba shi lambar girmamawarta ta ƙasa, Légion d'honneur, a 1923. A 1927 babbar cibiyar masu zane ta ƙasar Amurka da ke New York ta mai da shi cikakken mamba, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi. Ɗakin aikinsa ya zama zangon matasan baƙaƙen Amurka da suka zo Faransa neman ilimi: Meta Warrick mai sassaƙa, William Edouard Scott, Palmer Hayden, Hale Woodruff. Yakan karɓe su, ya duba aikinsu, ya tura su gidajen tarihi su je su kalli magabata.

Sai dai zamani ya wuce shi yana kallo. Lokacin da Picasso da abokansa suka juya zane a Paris, Salon da zanen addini suka zama kayan tsofaffi. Ya ci gaba da nasa a hankali, kasuwa na raguwa, har ya rasu a gidansa na Paris saura wata guda ya cika shekara 78. An binne shi a Sceaux, kudu da birnin, kusa da matarsa.

A ina za a ga aikinsa yanzu?

Yawanci a Amurka, ƙasar da ta ƙi saye a 1890. Gidan tarihin Smithsonian na zanen Amurka da ke Washington yana da tarin aikinsa mai yawa. Zanen almajiran Yesu biyu a bakin kabari, na 1906, yana Chicago. Zanen Nikodimu da ya zo wurin Yesu da dare yana tsohuwar makarantarsa ta Philadelphia, wadda ta shirya masa babban baje koli a 2012. Ɗaya daga zanen gudu zuwa Masar, na 1923, yana gidan tarihin Metropolitan a New York. Yawancin waɗannan gidaje sun sa hotunan a shafukansu na intanet, ana iya buɗewa a waya a faɗaɗa.

Akwai kuma ɗaya a fadar White House, wanda aka saya a zamanin Bill Clinton, aikin baƙar fata na farko da ya shiga tarin dindindin na gidan. Ba na addini ba ne, ba kuma daga Faransa ya zo ba. Tudun rairayi ne a gaɓar tekun Atlantic City da faɗuwar rana, wanda ya zana wajen 1885, tun yana saurayi mai neman na abinci. Ya gauraya rairayin gaɓar a cikin fentin.